Rubutun Mma Ticha a Takardar Ƙosai

Ranar da Mma Ticha ta rasu, mahaucin da ke bakin masallacin unguwarmu ya bar nama a kan tebur, ya zauna a ƙasa yana kuka, mutum mai furfura har a gira. Hajiya mai waakye ta tsallaken titi ta rabar da tukunyarta ta shinkafa da wake kyauta tun kafin hantsi. Ni ina shagona na ɗinki a unguwar Nyohini, nan Tamale, ina haɗa wuyan wata batakari, rigar saƙin nan ta maza, na ji sanarwa a lasifikar masallaci. Ban tashi nan take ba. Na ci gaba da ɗinki har na kai ƙarshen layin, don ban san abin da zan yi da hannuna ba in na ajiye allurar.

Gidan rasuwar da ke unguwar Kasalgu ya kasa ɗaukar mutane. Malaman makaranta sun zo daga ƙauyuka a kan moto, wato babur, bibbiyu da uku-uku. Ma'aikatan asibiti sun zo da fararen kayansu. Wasu na cewa Madam, wasu Malama, mu manyan da ta koya wa karatu, 'yan ajin la'asar, muna cewa Mma Ticha. A addu'ar uku wani babban ɗan sanda ya miƙe ya karanta abin da ya rubuto a kanta. Duk inda ya kai aya sai ya ƙwanƙwasa takardar sau biyu da yatsa, ya numfasa, sannan ya ci gaba. Mata suka fashe da kuka, wasu da dariya a cikin kukan, don kowa ya san wannan ƙwanƙwasar daga hannun wa ta fito.

A kujerar gaba, mai karɓar gaisuwa shi ne ƙanin marigayi mijinta, wanda gidan yake hannunsa. Alhaji muke ce masa. Gilashi a kan hanci, jarida a naɗe a hammata, kamar kullum. Duk wanda ya durƙusa ya yi masa ta'aziyya sai ya ce, "Ai mu gidanmu gidan ilimi ne." Saboda ita nake wannan rubutu, amma ba zan ɓoye ba, saboda shi ma nake yi.

Ta fara aiki tana budurwa, a aji ɗaya, kuma a aji ɗaya ta zauna shekaru masu yawa. Sau da dama an so a ba ta manyan azuzuwa, ta ƙi. Ta ce duk wanda ya iya karatu zai iya koyar da mai karatu, ita wanda bai iya ba take so. An ce wani mai duba makarantu ya taɓa shigowa ajinta ya tarar tana koya wa yara karatu da Dagbanci, yaren garin, da Hausa, ya ce doka ta ce Turanci. Ta miƙa masa alli, ta koma bayan aji ta zauna a kan bencin yara, ta ce, "To bismilla, Masta, ga su nan." Ya yi ta Turancinsa, yara suna kallon takalminsa. Da ya gaji ya mayar mata da allin. Ya rubuta takarda a kanta, aka tura ta wata makarantar ƙauye da ba ko rufi. Ta tafi, ta ci gaba da abin da take yi a gindin bishiya.

Sai da furfura ta fara fito mata sannan ta tafi jami'a a kudu. Ta yi karatu mai zurfi a kan abu guda: yadda mutum yake kallon baƙaƙe a takarda har wata rana ya fara jin murya a cikinsu. Aka so ta zauna a ofis a Accra, ta dawo Tamale. Da safe tana koyar da masu koyarwa, bayan la'asar tana koyar da mu a ɗakin zaure na gidan, kan benci biyu.

Ni ba neman ta na yi ba. Ta kawo mini batakarin marigayi mijinta in gyara, don ta ba ɗan 'yar'uwarta. Ta ga igiyoyi rataye a bangon shagona, kowace da ƙulle-ƙulle, ta tambaye ni na mene ne. Na ce awon mutane ne: ƙulli na farko kafaɗa, na biyu tsawo, launin zaren da na ɗaura a kai kuma shi ke gaya mini mai rigar. Na yi zaton za ta yi dariya. Sai ta jawo kujera.

"Wa ya koya maka?"

"Babu, Mma. Mantuwa ce ta koya mini."

"In mutum biyu awonsu ɗaya ne fa?"

Har azahar tana tambaya tana rubutawa. Bayan mako guda ta dawo da sabon littafi, ta buɗe, ta karanta mini. Na ji maganata ce, yadda na faɗe ta, har da "wallahi" ɗina. Ta sa yatsana a ƙarƙashin kalma ta farko ta ce, "Tela, kai ka daɗe kana rubutu, da igiya kake yi. Ka zo ranar Litinin." Ina da shekara arba'in da huɗu a lokacin.

Haka take yi da kowa. Ba ta fara maka da littafin yara ba. Kai za ka faɗi abin da ka sani, ita ta rubuta da manyan baƙaƙenta masu zagaye, sannan ka koyi karanta maganarka. Ta kan rubuta sunanka a saman shafin farko. In ka kai aya, ka ƙwanƙwasa sau biyu ka numfasa; don yaran aji ɗaya ta ƙirƙiro wannan, masu gudu a kan layi har numfashi ya ƙare musu, amma mu ma ba ta ɗaga mana ba. In ka cika littafin farko sai ta roƙe ka ka bar mata shi. A cikinsu take nazarinta, tana duba inda kowa ya tsaya da inda ya wuce, tana rubuta abin da ta lura da jan biro a gefe. Sun cika katan-katan har kusa da rufin ɗakin. Ta ce littafin da take son rubutawa kafin ta mutu yana cikin waɗannan kwalaye.

Doka ɗaya gare ta da ba ta wasa da ita: ba mai karanta littafin wani a gaban mutane, sai mai shi da bakinsa. Wata rana mahauci ya ɗauki littafin Hajiya mai waakye ya karanta layi ɗaya don tsokana. Mma Ticha ta karɓi littafin, ta nuna masa ƙofa. Wata guda bai taka ɗakin ba, sai da ya zo da hanta a ganye ya ba Hajiya haƙuri a gaban kowa.

Alhaji kuwa bai taɓa wucewa ta zauren nan bai bar mana magana ba. "A'a, 'yan makaranta! Tela, an kai B ko har yanzu ana A? In an ba ku hutu ku gaya mini in sayo muku alewa." Wata rana ya ce da ni a gaban abokansa wai gemu da benci ba sa haɗuwa. Na ƙyale shi, don ni mutum ne mai jira. Wanda ke haɗa siraran ƙyallayen saƙi ɗaya bayan ɗaya har su zama riga ba ya gaggawa. Mma Ticha ba ta taɓa mayar masa da magana ba. Sai dai ta dube shi ta saman gilashinta, shi kuma ya kawar da kai ya wuce.

Bayan addu'ar bakwai 'yarta ta koma wurin aikinta a Kumasi, sai arba'in za ta dawo. Aka raba kayan mamaciya sadaka kamar yadda aka saba: zannuwa, takalma, kwanuka. Ban san an haɗa da wani abu ba.

Kwana uku bayan haka na sayi koko da ƙosai a wurin matar da ke kusa da shagona. Na kwance takardar, na ɗauki ƙosai ɗaya, sai idona ya faɗa kan rubutun. Mai ya jiƙa ta har ana ganin tebur ta cikinta, amma baƙaƙen suna nan, manya, masu zagaye. "Ƙulli na farko kafaɗa." Ga jan biro a gefe. Shafi ne daga littafina na farko.

Na koma wurinta da ƙosan a hannu.

"Mma, ina kika samo wannan takarda?"

"Ei, Tela, ƙosai ka zo saye ko takarda? Alhajin gidan rasuwa ne ya ba mu sadaka, Allah ya saka masa. Katan guda ni kaɗai! Takarda mai kyau, tana shan mai, ba kamar jarida ba."

"Ku nawa ya ba?"

"Mu da yawa. Masu masa, masu gyaɗa, har 'yan cicinga masu tsire. Keken yelo-yelo mai ƙafa uku har biyu ya cika."

Na wanke hannu, na sa hula, na tafi shagon Alhaji na kayan moto. Na gaishe shi yadda ya kamata, na jira ya sallami mai saye, sannan na ajiye masa takardar a kan kanta. Bai ko kalle ta ba.

"Tsofaffin takardu ne, gara na cin su. Ɗakin nake so saboda baƙin arba'in."

"Alhaji, aikinta ne na shekara da shekaru. Maganar mutane ce a ciki, wasunsu sun mutu."

"To sun mutu, ita ma ta mutu. Wa zai zauna karanta takardar ƙosai? Kai tela, koma wa allurarka."

Na ce, "To, Alhaji." Na ɗauki takardata na fito. A nan ya yi kuskurensa: ya manta rabin masu cin ƙosai a garin nan ita ta koya musu karatu.

Na tara 'yan ajin la'asar. Mahauci ya ce a bar shi ya je shagon da wuƙarsa, ba don ya yanka kowa ba, don dai Alhaji ya gan ta. Na ce a'a. Muka tattara tsofaffin jaridu da takardun da masu fotokofi ke zubarwa, muka shiga musaya. Mahauci ya bi 'yan cicinga, Hajiya ta bi mata, ni na ɗauki keke ina bin masu gyaɗa da masa daga Nyohini zuwa Kasalgu har Jisonayili. Wasu sun ba mu da hannu biyu da suka ji ko na wa ne. Wata ta yi ta kuka, ta ce da bakinta ta sa wa Alhaji albarka. Wasu sun riga sun yayyage littattafan gida huɗu. Mutane suka fara kawo mini shafuka shago, a naɗe a aljihu, da barkono a jiki. Ina sa kowane tsakanin tsummoki biyu in goge da dutsen guga har man ya fita, in jera, in ɗinke. Abin da muka samu bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Daga littafina, shafin nan ɗaya ne kawai.

A Jisonayili, wurin wata mai gyaɗa, na samu littafin da ba a gama yagewa ba; da bangonsa take fifita wuta. Na buɗe shafin farko, na karanta sunan da ke sama da jan biro. Na sake karantawa. Sai da na jingina keken na zauna a kan dutse.

Sunan Alhaji ne.

A nan na tuna motonsa a ƙofar zaurenta duk ranar Talata da hantsi, lokacin da ba aji, ƙofa a rufe. In an tambaya sai ta ce maganar gida suke yi. Shekaru tana koya masa a ɓoye, yana fita yana yi mana ba'a, ba ta taɓa buɗe baki ba. Da ta mutu ya shiga ɗakin neman nasa. Ga kwalaye har rufi, littattafai duk iri ɗaya, shi kuma karatunsa irin namu ne, kalma-kalma. Shekara ba za ta ishe shi ya duba su ba. Sai ya shiga rabar da duka, don a rasa ɗaya.

Ban gaya wa kowa ba. Na koma shago, na goge shafin, na sa almakashi na yanke sunan daga sama, na ajiye ɗan guntun a gwangwanin allura. Akwai abin da na sani wanda masu karatu da sauri ba su sani ba: mu ba ma hango ƙarshen jimla. Ba mu san abin da take cewa ba sai ya riga ya fita daga bakinmu.

Na kira 'yarta a waya na gaya mata abin da aka yi da kwalayen. Ta ce, "Baba Ƙarami ne ya yi haka?" Na ce shi ne. Na roƙe ta a ba mu ɗan lokaci ranar arba'in, kowa ya karanta shafinsa. Ta ce ko yini muke so.

Ranar arba'in aka kafa kanofi har kan titi, aka jera kujerun roba, aka raba masa. Bayan an sauke Alƙur'ani liman ya yi addu'a, 'yarta ta miƙe ta faɗa wa jama'a daga ina takardun suka dawo. Ba ta ambaci kowa ba, amma masu ƙosai suna zaune a wurin, duk suka juya suka kalli kujerar gaba. Alhaji ya gyara gilashi.

Mahauci ya fara, ya karanta yadda ake gane saniya marar lafiya daga hancinta. Hajiya ta karanta ranar da ta fara shigowa Tamale da tukunya ɗaya a ka. Wata mata ta karanta na mijinta da ya rasu, bayan liman ya ce ita ce mai shi yanzu. Na karanta nawa, ƙulli na farko kafaɗa. Lasifika tana ɗaukar ƙwanƙwasar kowa, ƙwas-ƙwas, ana share hawaye.

Saura shafi ɗaya a hannuna. Na miƙa wa 'yarta na ce, "Wannan ba suna a kansa. Bai kyautu a bar shi shi kaɗai ba. A ba babban gida ya rufe mana da shi."

Ita ba ta san komai ba. Ta durƙusa a gabansa ta ce, "Baba Ƙarami, kai ne babba."

"A'a, a ba malaman makaranta, ga su nan."

"Bismilla, Alhaji," in ji liman. "Gidan ilimi ne ai."

Aka sa masa lasifika a baki. Ya kalli takardar, ya ga manyan baƙaƙen da ya saba da su, na ga kafaɗarsa ta ɗan sauka. Ya sa yatsa a ƙarƙashin kalma ta farko.

"Ranar... da aka... kai... yayana... makaranta... ni... sanda... aka ba ni... aka ce... in bi shanu."

Ƙwas-ƙwas. Yatsan ya yi da kansa, lasifika ta kai shi har bakin titi. Ya numfasa, kamar yadda aka koya masa, bakinsa ya shiga layi na biyu kafin hankalinsa ya iso: "Har yau... in na riƙe... jarida..." A nan ya tsaya. Sauran jimlar na san ta, ba zan rubuta ta ba.

Kowa a wurin ya san waye yayansa, ya san wanda aka kai makaranta a gidan nan. Jaridar ta zame daga hammatarsa ta faɗi, bai ɗauka ba. Sai muryar Hajiya mai waakye daga cikin mata: "Alhaji, ashe kai ma namu ne? Da ka faɗa, ai da mun matsa maka a benci."

Mahauci ya ce, "An kai B, Alhaji, ko har yanzu ana A?"

Liman ya yi maza ya ja fatiha. Alhaji ya ninke takardar, ya sa a aljihu, ya shige gida, bai sake fitowa ba har aka kwashe kujeru. Ba zan yi ƙarya a rubutun da na yi don ita ba: na ji daɗi. Har yanzu in na tuna ina ji.

Da jama'a suka ragu 'yarta ta same ni ina ɗaure keke.

"Tela, ka san nasa ne."

"Na sani."

"Ka sa na miƙa masa da hannuna."

"Ban karanta littafin kowa a gaban mutane ba. Mai shi ne ya karanta da bakinsa."

"Kana ganin Mma za ta yarda da wannan?"

Na ce, "Da ta nuna mini ƙofa."

"Da ta nuna maka," in ji ta. Ta karɓi abin da na ɗinka, ta rungume a ƙirji, ta shiga ciki ba sallama. Shekaru Mma Ticha ta rufa wa mutumin nan asiri yana zaginta a fakaice, ni na buɗe shi a hantsi ɗaya. Na san wannan. Amma ita ce mai irin wannan zuciyar, kuma ita aka naɗe ƙosai da aikinta.

Bayan kwana biyar wani mai yelo-yelo ya sauke katan biyu a ƙofar shagona, ya ce daga Kasalgu, ba saƙo. Littattafai ne lafiyayyu, waɗanda ba a kai ga rabarwa ba. Na duba su ɗaya bayan ɗaya, sunaye kawai, nawa ba ya ciki. Na aika wa 'yarta su, ta haɗa da na farko ta kai wa wata malama da Mma Ticha ta koyar, wadda ta ce za ta gwada ƙarasa littafin da abin da ya rage. Alhaji ya daina yawo da jarida. In mun haɗu a masallaci mukan ba juna hannu, kowa yana kallon wani wuri. Guntun takardar mai sunansa yana nan a gwangwanin allura. In ya zo da ƙafarsa ya tambaya zan ba shi. Ba zan kai masa ba.

Allah ya jiƙan Mma Ticha, ya haskaka kabarinta, ya sa kowane baƙi da muka iya ya zame mata nauyi a mizani, ya kuma yafe mini abin da na yi da sunanta. Ajin la'asar ya watse, an kulle zauren. Ni kuwa yanzu ba na sayen ƙosai a wuri ɗaya sau biyu a jere. Kowace safiya wata unguwa nake zuwa, kuma kafin in ci sai na kwance takardar na duba.